Fayil ɗin STL ya ƙi zama sumul bayan na mayar da shi STEP

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fayil ɗin STL (fayil mai ɗauke da siffar abu ta 3D) na kaskon turaren wuta, ƙafarsa da'ira ce mai faɗin milimita 80, samansa kuma akwai adon ganye. Warshar da za ta sassaƙa shi da injin CNC (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) a nan Jidda ta ce STEP take so, wato irin fayil ɗin da ke ajiye siffar a matsayin daskararren jiki. Na shigar da shi manhajar FreeCAD, na yi Create shape from mesh, sannan Convert to solid, sannan Refine shape. STEP ɗin ya fita, amma jikin nan kusurwa-kusurwa yake, alwatika kusan 180,000, kuma kwamfuta sai ta daskare kafin ta buɗe shi. Ina kuskuren yake?

Mai Zanen Inji, Riyad:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Matakan da ka bi daidai ne, sai dai ba za su taɓa ba ka abin da kake nema ba. STL bai san da'ira ba, bai san lanƙwasa ba. Raga ce ta alwatika, kowace da kusurwoyinta uku, shi ke nan. Da ka mayar da ita daskararren jiki, kowace alwatika ta zama fuska mai zaman kanta, wato yanzu kana da jiki mai fuska 180,000. Shi ya sa STEP ɗin ya yi nauyi haka, alhali STL ɗin ba zai wuce megabait 9 ba, tunda bait 50 kowace alwatika ke ci. Refine shape kuwa fuskokin da ke kwance a shimfiɗa ɗaya kaɗai yake haɗewa. Zai gyara maka gindin kaskon, amma gefen da ya lanƙwasa ba zai taɓa shi ba.

Kafin komai ka tambayi mai aikin ko ainihin fayil ɗin da aka fitar da STL daga cikinsa yana nan. In babu, shawarata ita ce ka sake zana ƙafar da wuyan da hannunka, ragar ta zame maka ma'auni kawai. Duk abin da yake zagaye, rabin siffarsa ake zanawa a Sketcher, a juya ta digiri 360 da Revolution. Fuska biyar ko shida za su maye gurbin dubbai.

Wajen ɗaukar awo ne mutane ke faɗawa rami. In daga manhajar zane aka fitar da STL ɗin, kusurwoyin alwatika ne ke zaune a kan da'irar gaskiya, gefunansu kuma sun yanko ta ciki. A ce an raba da'irarka mai milimita 80 gida 48: tsakiyar kowane gefe ya shige ciki da kusan milimita 0.09, in ka auna daga gefe zuwa gefe 79.83 za ka gani. Don haka ka ɗora da'ira a kan kusurwoyi uku masu nisa da juna, kada ka ɗora a tsakiyar gefe. In lissafi ya ba ka 79.99, ka rubuta 80, domin mai zanen farko 80 ya sa.

A manhajar Fusion akwai Generate Face Groups, sannan Convert Mesh da zaɓin Prismatic, wanda ke gane silinda da shimfiɗa da kansa. Yana aiki a kan kayan inji masu tsabta, amma ba ya cikin lasisin kyauta, kuma adon ganye zai rikita shi.

Ɗan Jidda:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Ainihin fayil ɗin ya ɓata. Ƙafar zan iya sake zanawa, ganyen ne ban ga ta inda zan fara ba. Wani ya ce in yi Shade Smooth a Blender.

Uwar Gida Mai Rhino, Madina:
A'a ƙanena, kada ka bi wannan. Shade Smooth kwalliyar ido ce, haske kawai yake gyarawa a fuskar kwamfuta, ragar tana nan yadda take. Injin sassaƙa ba da ido yake aiki ba.

Ganyen aikin manhajar Rhino ne, daga na 7 zuwa sama. Ka yanke saman kaskon daga ƙafar, ka yi masa QuadRemesh. Wannan zai sake saƙa ragar da murabba'ai masu bin lanƙwasar jikin. Fara da 2,000, in jijiyoyin ganyen sun ɓace ka ƙara zuwa 5,000 ko 8,000, a hankali. Kunna Detect hard edges don bakin kaskon ya tsaya da kaifinsa, in kuma adon dama da hagu iri ɗaya ne ka zaɓi layin da ya raba su. Sai Convert to SubD, wanda ke mayar da ragar jiki mai sumul, daga nan ToNURBS, wanda ke mayar da shi fuskoki masu lanƙwasa ta gaske, ka fitar da STEP. Ka guji MeshToNURB, sunan yana ruɗar mutane, amma abin da FreeCAD ya yi maka shi ma zai yi: alwatika ɗaya, fuska ɗaya.

Abin da ya fi damuna da wannan hanya shi ne SubD yakan ɗan tsuke cikin ragar, jikin ya rame kaɗan. Akwai zaɓin Interpolate da ke tilasta masa bi ta kan kusurwoyin. Ko da ka kunna shi, ka auna da PointDeviation tsakanin kusurwoyin tsohuwar raga da sabon jiki. A wurin ado, saɓanin milimita 0.1 ba mai gani. A wurin da sama zai zauna kan wuya kuwa, kada ka yarda da SubD ko kaɗan. Ka bar masa ƙarin nama, ka yanke da silindar da ka zana da hannu, sannan ka haɗe su. Daga ƙarshe ka duba da Zebra, mai zana layuka a kan jikin, duk inda layukan suka karye jikin bai yi sumul a wurin ba.

Baban Warsha, Makka:
Hajiya ta gama magana, abu biyu zan ƙara. Kafin QuadRemesh a tabbatar ragar a rufe take, ba huda, ba alwatikar da ta juya baya. Evaluate and repair mesh na FreeCAD zai nuna su, a Rhino 8 kuma ShrinkWrap yana lulluɓe raga mai ɓaraka da sabuwa rufaffiya. In jikin yana da ƙuraje irin na sikana, a MeshLab a yi Taubin Smooth, domin Laplacian yana cinye jiki duk lokacin da aka maimaita shi.

Na biyu, STL ba ya ɗauke da ma'auni. In ka buɗe ka ga ƙafar 3.15 maimakon 80, da inci aka fitar da shi, ka ninka da 25.4.

Kuma ka koma ka tambayi masu warshar da kyau. Manhajojin tsara hanyar wuƙa da yawa suna sassaƙa kai tsaye daga STL, kuma raga mai alwatika 180,000 a kan abu ƙarami haka tana da laushin da ya isa ado. Mai yiwuwa ƙafar da ramin ƙusa kaɗai suke buƙata a STEP, ganyen su karɓa yadda yake. Ka tambaye su kaurin wuƙar gamawa ma: mai kan ƙwallo ta milimita 2 ba za ta shiga tsagin da bai kai milimita 2 ba, ko ka zana shi.