Mun taɓa yi wa wani shehi mubaya'a: wasu sun fita, wasu suna ciki

Tsohon Muridi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 9 na yi ina hidima a gidan wani shehi. Ni ke share zaure, ni ke riƙe masa buta, da damina kuma ina gonarsa. Kullum ana nanata mana cewa muridi a hannun shehinsa kamar gawa yake a hannun mai wanka, kuma na yarda har zuciya. Sai mahaifiyata ta kwanta ciwo. Na nemi izinin tafiya gida, aka ce in dakata sai an ba ni. Kwana 4 ina dakatawa. Na isa na tarar an riga an kai ta makwancinta. Tun ranar ban koma ba. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Uwar Biyu:
Allah Ya jiƙan Mama, Ya ba ka haƙuri. Ni maigidana ne ya shigar da ni. Har ɗan kunnena na gwal na sayar don hadiya, amma wannan bai dame ni ba. Abin da ya ci min rai, da muka daina zuwa, matan da muke girkin maulidi tare suka daina amsa sallamata. Ranar sunan autana ko ɗaya ba ta leƙo ba.

Ɗan Zawiya:
Don Allah kada a yi kuɗin goro. Ni shekarata 16 a ciki, kuma ba inda za ni. Na zo ina shan kodin, gida sun gaji da ni. Shehinmu ya ƙi ba ni wuridi sai da na je na durƙusa gaban mahaifiyata na nemi gafara. Bai taɓa tambayata ko sisi ba. Yaya, da a wajensa kake, da kuɗin mota zai ba ka.

Dattijon Fagge:
'Ya'yana, ina saurayi a Kano aka yi rikicin Maitatsine, Disambar 1980, aka rasa rayuka sama da 4,000. Da yawa cikin waɗanda suka bi Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, zuwa unguwar 'Yan Awaki almajirai ne da 'yan cirani, yara masu neman Allah da wanda zai riƙe su. Da ƙaramin abu ake farawa, a haramta agogo da keke da rediyo, daga nan a ce sallar kowa ɓatacciya ce sai tasu. Tun lokacin, duk malamin da na ji ya raba yaro da iyayensa, gabana faɗuwa yake yi.

Tsohon Muridi:
Na gode, Baba. Ɗan Zawiya, ban musa maka ba, Allah Ya bar ku tare. Ni dai har yau bayan sallar asuba hannuna na kai wa carbi, in fara wuridin da ya ba ni, sai in tuna kwana huɗun nan, in rasa yadda zan ƙarasa.