Musayar Waƙa: Taron Clontarf da Aka Fasa

Bala Mai Kalangu:
Jama'a, ga batu. A 1801 aka haɗe ƙasar Ailan da Birtaniya, aka rufe majalisar Dablin, babban birnin Ailan, yi mata doka ya koma Landan. Daniel O'Connell ya kafa ƙungiyar neman warware wannan haɗi a 1840. Ga ƙorafina a kansa:

A 1843 ka kira taro a tudun Tara,
Dubun dubata suka zo, ƙasa ta ɗau ƙara,
Ka ce bana za a warware, ba sauran jira,
Da Firayim Minista Peel ya hana taron Clontarf, gefen Dablin, sai ka haƙura.
Wane irin jagora ke janyewa tun ba a fara?

Hajiya 'Yar Damagaram:
Ƙanena Bala, sassauta, kar ka yi saurin sara,
An girke soja da igwa, jiragen yaƙi na jira,
Talakawa ne hannu rabbana suka amsa kira,
Da ya ce a je, da Dablin ta cika da makara.
Wanda ya ga boren 1798 ya san ɗacin asara,
Duk da haka an ɗaure shi bayan shekara.

Bala Mai Kalangu:
Yaya, na ji, to me haƙurin ya gyara?
Dankali ya ruɓe a 1845, yunwa ta fara,
Wajen miliyan sun mutu, miliyan sun yi ƙaura,
Ga hatsi ana lodi a jirgi, wa za a kai wa ƙara?

Baba Malam Sani:
'Ya'yana, ku saurara, labarin da saura.
Parnell, jagoran 'yan Ailan, ya bi ta akwatin zaɓe da dabara,
Kujeru 86 a 1885, dole aka nemi shawara.
Firayim Minista Gladstone ya kawo ƙudurin ba Ailan mulkin kai a 1886, bai yi nasara,
Na 1893 majalisar sarakai ta yi masa sara,
Ƙuri'a 419 da 41, kai, abin ya wuce gyara!
A 1914 ya zama doka, yaƙin duniya ya zo, aka ce a jira.

Bala Mai Kalangu:
Baba, ka gama mini aiki, Allah ya ƙara!
Sai da bindiga ta tashi a 1916 aka saurara.

Hajiya 'Yar Damagaram:
An saurara, ƙanena, amma an yi rabon kura,
A 1922 Dablin ta samu mulkin kai, sai dai da saura:
Gundumomi shida na Arewa har gobe Landan ke tsara.