Tambaya: me ya sa nake jin 'yan tsanana kamar mutane ne?

Maman Ramla, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Wanda zai yi dariya ya yi, amma in ya gama ya ba ni amsa.

Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a Aboabo nan Kumasi. Shekarun baya na ga hotunan wata 'yar Najeriya, Haneefah Adam, da take ɗinka wa 'yar tsanar nan Barbie abaya da hijabi tana sawa a Instagram. Na ce ai ƙyallayen da muke sharewa kullum da yamma sun isa wannan aikin. Sai na shiga kasuwar Kejetia wajen masu gwanjo, inda ake zube kayan wasan yara a kan buhu, na tsinto guda biyu. Niyyata in riƙa gwada sabon yanka a jikinsu kafin in sa almakashi a leshin mutane, don leshin amarya in ka ɓata shi ba ka da bakin magana.

Yanzu sun cika kabad ɗin gilashin da uwata ta saya mini don jeren kwanuka. Kwanukan suna ƙarƙashin gado.

Yawansu bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne kowacce ta zo da halinta, kuma ban san ranar da na ba ta shi ba. Akwai Hajiya Babba: fentin gefen bakinta ya ɗan goge, sai ta zama kamar mai yatsina, girarta ɗaya a ɗage. Ba na iya sa mata atamfa mai arha, wallahi hannuna ba ya yarda, sai shadda ko leshi. Akwai Talatu, ranar Talata na saye ta, ƙafarta ɗaya ta saki, duk yadda na jingina ta sai na tarar ta faɗa kan na kusa da ita. Fitinanniya ce, don haka ba na ajiye ta gefen Hajiya. Sai Azumi, baƙa ce irin kalarmu, wadda da wuya ake samun irinta a gwanjo. Ita ba ruwanta, kaba da zani kawai take so.

Makon jiya wata kwastoma ta ga Azumi ta ce in sayar mata za ta kai wa 'yarta, har ta ciro kuɗin da ya ninka abin da na saye ta sau da yawa. Kafin in yi tunani sai na ji bakina ya ce, "Ai ba ta son yara masu jan gashi." Matar ta dube ni, ta dubi kabad, ta mayar da kuɗinta jaka. 'Yan koyona sun kusa shiga ƙarƙashin keke don dariya.

Surukata ta ce aljanu ne suka samu masauki. Maigida ya ce shi dai kar a ce ya ba da kuɗin cefanensu. Ni kuma na san roba ce, ban taɓa jiran wata ta amsa mini magana ba. To me ya sa haka? Ni kaɗai ce, ko akwai masu irin wannan?

Kaka Alabar (jikata ce ke rubuta mini)

Wa alaikumus salam 'yata. Mu ai da kara muka yi namu, wasu kuma da ƙashin ƙafar akuya, a wanke shi a ɗaura masa tsumma a manna masa gashi da ƙaro. Ba ido ba hanci, amma kowa ta san tata da sunanta. Mun yi auren 'yar tsana da gaske: a kai gaisuwa, a dafa shinkafa a gwangwanin madara, a yi guɗa, bayan kwana biyu a ce ta haihu a yi suna. In 'yar wata ta yi yaji, iyayen ma sai su daina magana da juna har la'asar. Ke dai kin ci gaba ne daga inda muka tsaya.

Kuma ke da kike Kumasi, ba ki ga akuaba, 'yar tsanar itace ta Asantawa ba? Mai faffaɗan kai kamar faifai, wuya da guru-guru. Labarin da suke bayarwa, wata mata ce mai suna Akua ta rasa haihuwa, bokansu ya ce ta sa a sassaƙa mata 'yar itace ta riƙe ta kamar ɗiya. Ta goya ta, ta yi mata wanka, ta sa mata tsakiya, mutanen gari suna yi mata ba'a, daga baya ta haifi 'ya mace. Da idona na ga maƙwabciyarmu ta soke tata a zani ta baya tana tafiya kasuwa da ita. Yanzu masu sassaƙa na garin Ahwiaa kusa da Kumasi yawanci baƙi 'yan yawon buɗe ido suke yi wa. Mutanen Ewe su ma in tagwaye ɗaya ya rasu, sukan sassaƙa masa madadi, uwar ta yi masa wanka ta sa masa riga, in ta ba mai rai abinci ta ɗan taɓa wa na itacen. Yarbawa ma haka. Mu addininmu bai ba mu wannan ba, amma ban taɓa yi wa matar da ta binne ɗa dariya ba.

Ki gaishe mini da Talatu. Ki ɗaure mata ƙafar da zare.

Nas Hadiza, Nima

Anti, kwantar da hankalinki. Kalmar da kika faɗa, "na san roba ce", ita ce ta raba ki da mai ciwo. Wanda ya kamata a duba shi ne wanda yake jin muryarsu a kunnensa, ko ya yarda suna ba shi umarni, ko ya bar aiki da mutane saboda su.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam a shirye take ta ga mutum ko ina. A 1944 wasu masana biyu a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, sun nuna wa ɗalibai wani ɗan gajeren fim wanda ba komai a ciki sai zanen wani ɗaki da zane uku suna motsi: babba mai kusurwa uku, ƙarami mai kusurwa uku, da ɗan da'ira. Da aka ce su faɗi abin da suka gani, kusan dukkansu labari suka bayar, wai babban azzalumi ne yana cin zalin ƙananan, su kuma suna gudu suna ɓuya. Zanen da ba shi da ko ido ke nan. To ina ga abin da ke da fuska da gira a ɗage? Hajiya Babba ba ta da zaɓi, dole ta zama mai yanga.

Wani likitan yara ɗan Ingila, Donald Winnicott, ya yi rubutu a 1953 kan tsumma ko 'yar tsanar da yaro yake maƙale wa, wadda in aka wanke ta ma sai ya yi kuka. Ya ce da ita yaro yake koyon zama ba uwa a kusa. Girma ba ya kashe wannan, sauya masa kaya kawai yake yi. A wasu gidajen kula da tsofaffi a Turai ana ba masu ciwon mantuwa 'yar tsana mai kamar jariri, sai ka ga tsohuwar da ta wuni tana fizge-fizge ta zauna tana jijjiga ta, ko da yake akwai masu sukar abin, suna cewa an mayar da babba yaro. A Japan kuwa akwai wuraren ibadar da ake kai tsofaffin 'yan tsana a yi musu bikin sallama, don masu su ba sa iya jefa su a shara. Akwai ma wani ƙauye, Nagoro, da ya kusa ƙarewa, wata mata Tsukimi Ayano ta riƙa ɗinka masu girman mutum a madadin waɗanda suka mutu ko suka tashi, har suka fi mazauna garin yawa.

Bincike ya kuma nuna kaɗaici yana ƙara wa mutum wannan ɗabi'ar. Ko akwai ɗan kaɗaici a ciki, Anti?

Baba Sule Kantamanto

Ni dai kayan gwanjo nake buɗewa, bari in faɗi nawa. Duk wannan halin da kuke magana, kamfani ya daɗe da gane kuɗi ne. Barbie ta fito a 1959, matar da ta ƙirƙire ta, Ruth Handler, sunan 'yarta Barbara ta sa mata. A 1961 aka yi mata saurayi, Ken, shi ma sunan ɗan matar ne. Sannan ƙanne, ƙawaye, gida, mota. Ka sayi ɗaya, an ce maka tana da dangi, ya za ka bar ta ita kaɗai? Akwai wasu kuma, Cabbage Patch Kids, kowacce da sunanta da takardar haihuwa da takardar riƙo a cikin kwali, wato ba saya ka yi ba, riƙo aka ba ka. A 1983 har dambe iyaye suka yi a kantunan Amurka a kansu. Yanzu ga masu kama da jariri sak, da nauyinsa da jijiyoyin goshi, ana sayar da wasu dala ɗaruruwa har dubbai.

Hajiya, ki dai riƙa lissafi. Da na ga mace ta tsuguna gaban buhu ta ɗauki ɗaya tana share mata fuska da bakin mayafi, na san farashi ya tashi.

Abu Sumayya, Asawase

'Yar'uwa, maganar aljanu ba ni da hujja a kai, kuma bai kamata a tsorata mutum ba hujja ba. Abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim shi ne Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW) tare da ƙawayenta, in ya shigo su ɓuya, shi kuma ya turo mata su. A ruwayar Abu Dawud iska ta ɗaga labule ya ga kayan wasanta, a cikinsu da doki mai fukafukai na tsumma. Ya tambaye ta, ta ce ashe bai ji Annabi Sulaiman yana da dawaki masu fukafukai ba? Ya yi dariya har aka ga haƙoransa na ciki. Kin ga ita ma ta ba dokinta labari.

Sai dai malamai da yawa sun ɗauki wannan a matsayin rangwame ga yara mata, don su saba da reno. Babba ya tara masu cikakkiyar sura ya jera a gilashi, nan akwai magana, saboda hadisan da suka zo kan mutum-mutumi a cikin gida, wasu kuma sun bambanta na tsumma da na roba mai ido da baki. Ke kina da dalilin sana'a, wannan ma abin dubawa ne. Ki samu malamin da kika yarda da shi ki faɗa masa yadda abin yake, har da maganar gwada ɗinki. Abu ɗaya da ba saɓani a kai: kar a jingina musu amfani ko cutarwa, ko kawo ciniki, ko kawo haihuwa.

Maman Ramla, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kaka, Talatu ta ji gaisuwa, an ɗaure ƙafar, amma jiya ma ta faɗi.

Malam, na karɓa. Zan tambaya, kafin nan kuma na sa an sauko da kabad ɗin shago gaba ɗaya, ya bar ɗakin da nake salla. Surukata ta fi kowa murna.

Nas, maganar kaɗaici ce ban yarda da ita ba, a kaina dai. Gidan haya muke, ɗaki goma sha, famfo ɗaya. Daga asuba zuwa dare ba na samun minti biyar da wani bai kira sunana ba. In ma wani abu ne, mutane ne suka yi mini yawa. Duk wadda ta shigo shago da bakinta take shigowa: hannun ya matse, wuyan ya yi faɗi, ba haka na gani a waya ba, biki jibi ne. Su waɗannan ne kaɗai nake ɗinka wa abin da raina yake so, a lokacin da nake so. In an ɗauke wuta da daddare, in kunna fitilar waya in zauna da allura, don rigarsu keke ba ya iya shiga hammatarta, sai da hannu.

Da na karanta amsoshinku sai na tsaya na duba waɗanne ne ma suke da suna. Akwai wajen guda shida da na saya tare a leda ɗaya don arha, ban taɓa ɗinka musu komai ba. Ba su da suna, ba su da hali, in Baba Sule ya zo yau zan ba shi su kyauta. Masu halin su ne waɗanda na sha wahalarsu. Hajiya Babba kafaɗarta ƙarama ce, wuyanta dogo, riga ba ta zama mata sai na farke na sake, na farke na sake. A wajen farkewar nan ne na fara ce mata, "Ke dai ba a iya miki." Azumi kuwa duk abin da na yanka mata, karo ɗaya ya zauna, shi ya sa take da haƙuri. Ko kwastomomina haka na san su, ba daga hirarsu ba, daga awonsu da yadda suke tsayawa gaban madubi.

Baba Sule, ka yi gaskiya kan kamfani, amma nawa tsirara suka zo, ba kwali ba takarda, wata ma da sunan wata yarinya da biro a tafin ƙafarta. Ita ce kaɗai ban sauya wa suna ba. Kuma daga yau na daina share musu fuska a gabanku.

Tambaya ta ƙarshe: gashin Talatu ya dunƙule, mataji ba ya shiga. Me ake yi masa ban da aski?

Nas Hadiza, Nima

To na janye kaɗaicin, Anti. Gashin kuma, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan man laushin gashi irin wanda ake sawa bayan shamfu, ki bar shi ya jima, sannan ki fara tajewa daga baki kina hawa sama kaɗan-kaɗan, kina riƙe da tushen don kar ya tuge. Ki ɗauraye, ki shanya a inuwa. Kar ki kusanta shi da na'urar busar da gashi ko dutsen guga, roba ne, narkewa zai yi.

Baba Sule Kantamanto

Guda shidan nan, ki ajiye mini. Ina shigowa Kumasi ƙarshen wata.