Me ya sa abokan hamayya suke ara wa juna kayan gyara a ƙananan filayen tseren mota?

Ɗan Gareji ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina bibiyar tseren motoci na ƙananan filaye a Amurka ta intanet, wato filayen da zagayensu bai kai mil 1 ba, inda talakawan gari suke fafatawa a daren Asabar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda motar direba za ta lalace, sai ka ga mutanen wanda suke takara da shi sun rugo da sifana da jak suna taya shi gyara, wani har ya ɗauko lagireto daga tirelarsa ya ara masa. Shin wannan zumunci na gaske ne, ko kuwa akwai wata doka da ta tilasta musu? Ina roƙon masana su fahimtar da ni.

Baba Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Babu dokar da ta tilasta wa kowa, amma idan ka lura da yadda ake tsara daren, za ka gane dalili. Ana farawa da zagayen gwaji, sai gajerun tseren share fage waɗanda suke tantance inda kowa zai tsaya, sannan babban tsere a ƙarshen dare. Tazarar da ke tsakanin share fage da babban tseren ba ta da yawa, wani lokaci ba ta kai awa guda ba, kuma wanda ya bugi katanga a farkon dare yana da aikin da mutum biyu ko uku ba za su gama ba kafin a kira motoci. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi ba su da ma'aikaci ko ɗaya mai albashi. Direban kansa ƙila mai walda ne ko direban babbar mota a sauran ranakun mako, masu taya shi kuwa mahaifinsa ne da ƙaninsa da wani abokinsa na makaranta, kuma ladan da ake ba wanda ya yi nasara sau da yawa ba ya mayar da kuɗin taya da mai.

A irin wannan hali babu wanda zai iya sayen safaya ta kowane abu, saboda haka kayan da suke cikin tirelolin wurin gyara sun zama kamar na kowa, wanda ya ara wa wani yau shi za a ara wa mako mai zuwa. Akwai kuma lissafin da kowane direba ya sani, cewa idan motoci suka yi ƙaranci 'yan kallo za su daina zuwa, mai fili ya kasa biyan lada, ƙarshe a rufe filin a gina gidaje ko ɗakunan ajiya a wurin, kamar yadda ya faru da filaye da dama. Direba mai hankali ya fi son ya ci abokin hamayyarsa a kan fili da ya ga motarsa a ɗaure a tirela.

Ummu Hanan ta amsa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara da cewa zumuncin da ake gani ranar Asabar a gareji ake ƙulla shi, daga Litinin zuwa Juma'a bayan an tashi aiki. Ina zaune a Amurka, kuma maigidana yana taya wani maƙwabcinmu da yake tsere a filin ƙasa, wato wanda ba a shimfiɗa masa kwalta ba, don haka na ga aikin da idona. Mutum guda aikinsa taya kawai. Zai durƙusa da tef ya auna kewayen kowace taya, ya rubuta awon a jikinta da alli, domin a waɗannan filaye motar ɓangaren hagu kaɗai take juyawa, kuma ana so tayar baya ta dama ta ɗara ta hagu girma, yadda motar za ta riƙa lanƙwasa da kanta kamar kofin da aka kwantar aka mirgina. Filin ƙasa yana canzawa cikin dare, yana farawa da danshi da kamu, sannan ya bushe ya yi santsi, sai a sauya iskar taya da shokozoba bisa abin da direba ya ce ya ji a jikinsa. Idan bai yarda da mai gyaransa ba, ko mai gyaran bai fahimci maganarsa ba, motar ba za ta taɓa daidaita ba.

A filayen ƙasa da yawa an hana direba madubi da rediyon magana da mutanensa. Saboda haka wani daga cikinsu yakan tsaya a bakin fili riƙe da sanduna biyu masu haske, ya ware hannuwa idan direban ya ba da tazara, ya matso da su idan na baya ya kusa cim masa, ya nuna sama ko ƙasa don ya gaya masa layin da ya fi sauri. Direba yana gudu cikin ƙura yana dogaro da hannuwan ɗan'uwansa. Haka nan idan wani ya ji rauni, direbobi sukan hau wurin zaman 'yan kallo da hulunan kwanonsu a hannu suna tara masa gudunmawa.

Sarkin Kwana ya amsa:

Hajiya, ban musa ko ɗaya ba, amma kada ɗan'uwanmu ya ɗauka cewa wurin babu rigima. Filin Bowman Gray da ke Winston-Salem a Karolina ta Arewa, wanda zagayensa rubu'in mil ne kuma ake tseren NASCAR, babbar ƙungiyar shirya tseren motoci ta Amurka, a cikinsa tun 1949, ya yi suna ne da faɗa da ramuwar gayya tsakanin direbobi, kuma a fili mai ƙunci irin wannan da wuya ka wuce mutum ba ka goge shi ba. Duk da haka a wannan filin ne direba Glen Wood ya ci dukkan nasarorinsa 4 na babban rukunin NASCAR, tare da 'yan'uwansa na jini da suka kafa ƙungiyar Wood Brothers a 1950. Sun ƙware wajen raba aiki a tsakaninsu har kamfanin Ford ya kai su shahararriyar gasar tseren mota ta Indianapolis 500 ta 1965 suka yi wa motar direba Jim Clark hidima a lokacin tsere, ya kuma yi nasara.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗi. Duk ranar da wani ya zo da injin da sauran ba za su iya saya ba, taimakon juna yakan fara sanyi, domin babu mai son ya ara wa wanda ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa ƙungiyar IMCA mai tsara dokokin tsere a ƙananan filaye, wadda aka kafa a 1915, ta fito da rukunin motocin da ake kira Modified a 1979 tare da dokar da ta ba direba damar sayen injin wanda ya zo a sahun gaba a kan ƙayyadadden farashi mai rahusa. Wanda ya san za a iya karɓe injinsa ba zai zuba dukiya a kansa ba. A ganina wannan doka ta tsare zumunci, ko da yake ita ma ta sha haddasa ɓacin rai.

Ɗan Gareji ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, wanda ba shi da mota kuma bai san kowa ba, ta yaya yake shiga irin wannan ƙungiya?

Ummu Hanan ta amsa:

Yana sayen tikitin shiga wurin gyara, ya nemi ƙungiyar da ya ga hannuwanta sun yi ƙaranci, ya gabatar da kansa da ladabi a lokacin da ba su cikin gaggawa. Aikin farko da za a ba shi shi ne kankare laka daga jikin mota da ɗaukar jarkar mai da tura mota zuwa sikeli. Idan aka ga yana zuwa gareji a daren Talata da Laraba, lokacin da babu 'yan kallo, sai a fara miƙa masa ma'aunin iskar taya, daga baya kuma a bar shi ya ɗaure notin ƙafa.