Ta yaya ake gane tarihin tsohuwar unguwa idan ana zaga ta da ƙafa?

Mai-Neman-Sani:

Assalamu alaikum jama'a. Ina so in fara zaga wata tsohuwar unguwa da ƙafa don in gane yadda ta faro da yadda ta sauya. Damuwata ita ce yawancin gidajen sun sha sabon yaɓe da fenti, babu kuma allon da ke bayanin komai. Daga ina ake farawa, me ake riƙewa a hannu, wace alama ce abin dogaro? Masana a taimaka.

Mai-Awon-Ƙasa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka bar fuskar gidaje tukuna, ita ta fi komai yaudara. Gida kan sauya kama cikin mako guda, amma hanya da iyakar fili sukan yi ɗaruruwan shekaru inda suke, domin ba a gusar da su sai an taɓa haƙƙin mutane da yawa.

Ka buga taswirar unguwar a takarda daga Google Maps ko OpenStreetMap, ka haɗa da fensir da tef ɗin awo na mita biyar. Kada ka ɗebi fiye da kilomita biyu a fita ɗaya. Mai sauri yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa, mai dubawa kuwa awa biyu ba lallai ta ishe shi wannan ɗan zangon ba. Ka bi hanyar sau biyu, zuwa da dawowa, domin abin da kwana ta ɓoye maka a zuwa za ka gan shi a dawowa.

Titin da ya lanƙwasa ya kewaye unguwa ba gaira ba dalili, yawanci gurbin ganuwa ne ko na rafi. A Vienna, babban birnin ƙasar Ostiriya, an ba da umarnin rushe ganuwar birnin a 1857, aka shimfiɗa babban titin da ya kewaye tsohon gari a gurbinta. Wall Street na New York ma layin katangar da mutanen Holan suka gina ne a 1653, aka cire ta a 1699, titin ya ci gaba da bin sawunta. Inda ka ga hanyoyi uku ko huɗu sun tsuke sun haɗu wuri guda sannan suka sake bazuwa, ka sa alama: ƙofar gari ce a da, ko gada, ko mahayin ruwa.

Rafin da aka binne ba ya ɓoyuwa. Za ka ga gangare daga ɓangarori biyu yana sauka kan titi ɗaya, murfunan magudana a jere, damshi ya hau gindin bangaye, ruwa kuma nan yake kwanciya bayan an yi ruwan sama. Kogin Fleet na Landan har yau yana gudu a ƙarƙashin titi.

Sai tsayin ƙasa. Duk sa'ad da aka sake shimfiɗa titi yana ƙara tudu, gini kuwa yana nan inda aka kafa shi. Ka auna tazarar dokin ƙofa da kan titi. Gidan da sai an sauka matakala biyu ko uku kafin a shiga ya girmi maƙwabcinsa da ake hawa a shiga. Masallacin al-Aƙmar na Alƙahira, ginin 1125, yanzu yana ƙasa da titin da ke gabansa. Fuskarsa ta bi layin titin, cikinsa ya karkata ya bi alƙibla, shaidar ke nan cewa titin ya riga shi.

Uwar-Magina:

Na yarda da Malam, amma kada a yi wa gine-gine kuɗin goro. Fuskar ce maƙaryaciya. Ka shiga lungu ka dubi bangon gefe da na baya, inda mai gida ba ya ɓarnar kuɗin fenti.

Ka nemi wurin da yaɓe ya ɓantare ka ga abin da ke ciki, tubalin ƙasa ne, ko gasasshen tubali, ko dutse, ko bulon siminti. Kaurin bango a bakin taga ma yana faɗin wannan: na ƙasa da na dutse kan kai rabin mita ko fiye, na bulo da wuya ya wuce santimita 25 har da yaɓensa. Idan ƙasan bango mai kauri ne samansa siriri, bene aka ɗora wa tsohon gida.

Inda bango biyu suka haɗu, duba ko tubalansu sun saƙu da juna. In sun saƙu, tare aka gina su. In ka ga tsaga miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa, ɗaya jingina shi aka yi, kuma wanda ya jingina shi ne ƙarami. Haka ƙofar da aka toshe: layinta yakan fito a jikin yaɓe, domin sabon kayan da tsohon ba sa shan ruwa daidai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce kayan gini sun ba da shekara. Iyaka kawai suke bayarwa. An yi wa simintin Portland, wato irin simintin da aka saba gini da shi, rajista a Ingila a 1824, saboda haka bangon da aka ɗaure da shi tun daga harsashi ba zai girmi wannan ba, kuma birane da yawa bai kai musu ba sai bayan shekaru masu yawa. Rufin kwano kuwa ba ya nuna komai game da bangon da ke ƙarƙashinsa.

Mai-Neman-Sani:

Na gode ƙwarai. To shekarar da ake rubutawa a saman ƙofa fa, Hajiya? Wasu ma na Hijira ne, wasu sun goge.

Uwar-Magina:

Ka raba shekarar Hijirar da 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1350: a cire 41, saura 1309, a ƙara 622, ya ba da 1931. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya. Sai dai ka tuna shekarar tana iya zama ta gyara, ko dutsen daga wani rusasshen gini aka ɗauko shi. Ka duba ko ya zauna daidai cikin sahun tubalan ko sassaƙa masa wuri aka yi.

Rubutun da ya goge, ka je masa da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke dukansa a karkace, ko ka kwantar da hasken tocila a jikin bangon daga gefe. Kada ka kankare da ƙarfe ko ka goga alli, ƙarasa shi za ka yi. Murfin magudana da turakun lantarki na ƙarfe ma wasu suna ɗauke da sunan masana'anta da shekara.

Dattijon-Zaure:

Yaro, duk wannan sai ka haɗa da bakin mutane, amma da dabara. Kada ka tambayi tsoho wace shekara aka gina abu, zai ba ka lamba don kada ya kunyata ka. Tambaye shi kafin a kawo lantarki ne ko bayan nan, kafin a zuba kwalta ne, shi yana makaranta ko ya yi aure. Waɗannan ana samun shekarunsu a rubuce. Ka tambayi mutum uku daban-daban, kowa shi kaɗai, domin in suna tare na biyu da na uku bin na farko za su yi. Kada ka tsallake tsofaffin mata, su suka san rijiyar da aka cike da gidan da aka raba gado ya zama uku.

Labarin asalin sunan unguwa ka rubuta shi da sunan labari har sai tsohuwar taswira ko takardar fili ta mara masa baya. Google Earth na kwamfuta yana da tsofaffin hotunan sama da za ka ja baya ka kwatanta, ko da yake nisan da suke kaiwa ya bambanta daga gari zuwa gari. Ka kuma nemi izini kafin ka ɗora tef ko kyamara a bangon mutane.