12 a tushe uku: firam ce ko ba firam ba?

Tela_Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ɗiyata tana shirin WASSCE, jarrabawar gama sakandare, a shago take bitar lissafi da dare ina ɗinki. A sanina lambar firam ita ce wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 da ita kanta, kuma in ban da 2 babu wadda ke ƙarewa da 2. Jiya ta rubuta 12 a tushe uku, wai firam ce. Na ce ina! Sha biyu ai tana rabuwa gida biyu, gida uku, gida huɗu. Ta tsaya kai da fata. Wa ke da gaskiya?

Malamin_Asawase: Wa alaikumus salam Baba. Yarinya ce da gaskiya. Wannan 12 ba sha biyu ba ce: a tushe uku ana ƙirga da uku-uku ne maimakon goma-goma, don haka uku sau ɗaya ne da ɗaya sau biyu, wato biyar. Ka zuba maɓallai biyar a kan teburinka ka gwada raba su kashi-kashi daidai, ba za su rabu ba, ko yaya aka rubuta adadinsu. Tushe rubutu kawai yake canzawa. Ƙa'idar da ka riƙe kuwa ta tushe goma ce: da yake 2 da 5 suna raba goma, duk firam da ta haura 5 dole ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9. Uku ba ta rabuwa da 2, don haka a tushe uku lambar ƙarshe ba ta nuna maka komai a kan rabuwa da 2. Duba 11 a can: huɗu ce, ba firam ba.

Yar_KNUST: Malam, ni tushe biyu na kwamfuta ne ke burge ni. 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111, 127 ita ce 1111111, duk firam. Amma kada a ɗauka kowane jerin 1 haka yake: guda goma sha ɗaya a jere 2047 ne, wato 23 sau 89. Wata babbar firam da aka gano a Oktoban 2024, mai lambobi sama da miliyan 41 a rubutunmu, a tushe biyu 1 ce zalla har sau 136,279,841.

Tela_Aboabo: Allah ya saka da alheri. To dabarar nan ta tara lambobi a gani ko 3 za ta raba fa? Ita ma ta tushe goma ce?

Malamin_Asawase: Ita ma, Baba, don goma a cire ɗaya tara ne. A tushe takwas dabarar ta 7 ce: 25 a can ashirin da ɗaya ne, 2 da 5 kuma bakwai. Ka ba ta 43 a tushe takwas ta gwada yau da dare.