Hayaniyar tsuntsaye a bakin kogi da sassafe: wa ya taɓa samun hoton kirki?

Sabon-shiga: Jama'a barkanmu. Sau uku ke nan ina sammako zuwa bakin kogi, ina dawowa da hoton ruwa da ciyawa. Kukan tsuntsaye dai kamar kasuwa ta ci, amma ina ɗaga kyamara sai kowa ya watse. Ku da kuka saba, yaya kuke yi?

Dattijon Rafi: Ɗana, ina zargin zakaran ƙeƙuwa ne ke tona maka asiri. Shi a ƙasa yake ƙwai, ko sheƙar kirki ba ya yi, shi ya sa duk wanda ya doso sai ya tashi yana kewaya kansa da ihu. Yana fara wannan ihun zalɓe zai miƙe wuya, kirinjijiya kuma su kwashe gaba ɗaya suna fito. Ni na daina bin su. Da duhu-duhu nake zuwa da kaya marasa haske, in zauna a gindin ciyawa kamar minti 20 ko motsi ba na yi. Ranar da na fara haka, wani zalɓe ya sauka kusa da ni har ina ganin ruwa na ɗiga daga bakinsa bayan ya cafke kifi.

Maman Biyu: Gaskiyar Baba ce. Ƙari a kai, ɗan'uwa, ka bar rana a bayanka, in ba haka ba baƙar inuwa za ka ɗauko. Tsuntsayen da ke cikin tashi kuwa saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa nake sa musu ko mafi sauri, in ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, tunda haske bai gama fitowa ba. Abin da ya taɓa ƙona min rai raɓa ce. Dinya biyu suka wuce dab da ruwa, na danna, ashe gilashin kyamarar ya yi gumi. Hazo kawai na samu.

Ɗan Sammako: Ni ƙarƙashin bishiyar da balbela ke kwana na laɓe, wai dabara. Kafin su tashi sun yi min fenti tun daga hula har jaka.

Sabon-shiga: Allah ya ba da haƙuri Yaya, na yi dariya ba da niyya ba. Baba, to in zakaran ƙeƙuwan ya riga ya gan ni fa?

Dattijon Rafi: Ja da baya, ƙila ƙwansa na kusa da ƙafarka. Ka sake wuri ka zauna, zai yi shiru da kansa.